Tiyatar Ƙoda da Mafitsara a Lokacin Annoba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukar Cuta a Asibiti

Tun daga ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, masu fama da ciwon ƙoda, mafitsara da hanyar fitsari suka shiga tsaka mai wuya: a je asibiti a ji tsoron kwaso cuta, a zauna gida ciwo ya ci gaba da cin jiki. An ɗage dokar ta-ɓaci kan cutar a watan Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan, kuma tambayoyin da ke ƙasa za su sake tasowa duk ranar da wata cutar numfashi ta ɓarke. Bayanin gama-gari ne, ba ya maye gurbin maganar likitan da ya duba ka.

1. Yaya ake gane cewa a asibiti mutum ya ɗauki cutar, ba daga gida ya zo da ita ba?

Lissafin kwanaki ake yi. Ƙwayar korona takan yi kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin alamu su bayyana, galibi wajen kwana 5, nau'in Omicron kuma ya fi sauri, kamar kwana 3. Saboda haka hukumomin lafiya na Ingila suka kasa abin gida huɗu. Wanda gwajinsa ya nuna cutar cikin kwana 2 da kwanciya, daga gari ya zo da ita. Kwana 3 zuwa 7, ba a yanke hukunci. Kwana 8 zuwa 14, mafi rinjayen zato a asibiti ya ɗauka. Daga kwana 15 zuwa sama kuwa babu tantama.

Wannan lissafin yana da wani giɓi da ya shafi masu tiyatar fitsari musamman. Yawancinsu ba sa daɗewa a gado, kwana ɗaya ko uku an sallame su. In mutum ya kwashi cutar ranar da aka yi masa aiki, sai ya koma gida tari zai fara, kuma babu rajistar asibitin da za ta nuna hakan.

2. Me ya sa ake ware masu tiyatar fitsari da magana ta daban?

Shiga ɗakin da ake kwantar da su ka duba gadajen. Dattawa maza ne suka fi yawa, masu kumburin furostet, wato ɗan ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda in ya girma yake matse hanyar fitsari. Da yawansu suna da hawan jini ko ciwon suga, wasu ƙodarsu ta riga ta raunana saboda fitsari ya daɗe yana komawa baya, wasu kuma ciwon daji ne. Tsufa, zama namiji, suga, ciwon ƙoda da daji duk suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna tsananta korona.

Sannan su mutane ne masu yawan zirga-zirga: yau canjin robar fitsari, wata mai zuwa a leƙa mafitsara da kyamara, bayan nan karɓar sakamako. Kowane zuwa zama ne a kan benci cikin cunkoso.

3. Cutar tana bin fitsari ne, ko robar da aka sa mini?

A'a. Korona cutar numfashi ce, iska ce ke ɗaukarta daga hanci da bakin wani zuwa naka. Ba kasafai ake samun ƙwayarta a fitsari ba, kuma ba a san fitsari a matsayin hanyar yaɗa ta ba. Robar fitsari tana da nata haɗarin, amma na ƙwayoyin bakteriya ne da ke hawa ta jikinta zuwa mafitsara, kuma yana ƙaruwa da kowace ranar da ta ƙara a jiki. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mafitsara, kada ta taɓa ƙasa, a wanke hannu kafin a zubar da bayan an zubar.

Ba duk ƙwayoyin bairas ne haka ba. Zazzaɓin Lassa labarinsa daban, duba amsa ta 15.

4. To ta ina cutar ke shigowa ɗakin marasa lafiya?

Mutane suna tsoron ɗakin tiyata, alhali kusan nan ne wuri mafi tsafta a asibitin: kowa da takunkumi, kayan aiki an dafa su, ba mai shiga sai da dalili. Inda abin yake shi ne babban ɗakin kwanciya. Gado goma sha biyu ko fiye, tsakanin gado da gado bai wuce wurin ajiye kujera ɗaya ba, an rufe tagogi saboda sauro ko sanyin hunturu, fanka tana juya iska ɗaya har asuba. Makwabcinka yana tari, kowa ya ɗauka sanyi ne.

Ma'aikata ma sukan kawo ta ba da saninsu ba, domin mutum yana yaɗa korona kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani kuma har ya warke ba zai ji ba. Sai masu jinya da ke fita sayen magani da abinci su dawo, da masu dubiya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne iyali ke da iko a kansu, an yi maganarsu a amsa ta 11.

5. In na kamu daf da tiyata ko jim kaɗan bayanta, me ake tsoro?

Huhu. Wanda aka yanka ba ya jan numfashi sosai saboda zafin ɗinki, yana kwance ba motsi, garkuwar jikinsa ta shagala da warkar da rauni, jininsa kuma ya fi saurin daskarewa. Korona tana bugun waɗannan wuraren duka.

Wata haɗakar likitocin tiyata mai suna COVIDSurg, wadda ake jagoranta daga Jami'ar Birmingham, ta bi marasa lafiya 1,128 a asibitoci 235 na ƙasashe 24 a farkon 2020, dukkansu sun kamu da cutar kusa da lokacin aikinsu. Kusan rabi sun samu matsalar huhu, kashi 23.8 cikin 100 kuma sun rasu cikin kwana 30. Adadin yana da ban tsoro, amma a karanta shi da idon basira. Tiyata iri-iri ce aka haɗa, mafi yawanta ta gaggawa, a lokacin da babu riga-kafi, ba a ma gano amfanin maganin dexamethasone ba tukuna, gwaji kuma sai wanda ya galabaita ake yi wa. Wanda ya yi riga-kafi ya zo a cire masa ƙaramar tsakuwa yau ba ya cikin irin wannan haɗarin.

6. Wane aiki ne zai iya jira, wane ne kuma ba zai jira ba?

A watan Afrilun 2020 ƙungiyar likitocin fitsari ta Turai ta fitar da matakai huɗu: na gaggawa a yi cikin awa 24, mai muhimmanci kada ya wuce mako 6, matsakaici kada ya wuce wata 3, sai wanda zai iya jiran wata 6 ba tare da cutarwa ba.

Na gaggawa ba ruwansu da annoba, ko da mara lafiyan yana ɗauke da korona za a yi masa. Akwai murɗewar maraina, wanda yakan kama samari da ciwo mai tsanani farat ɗaya, sau da yawa cikin dare. In aka wuce awa 6 ba a warware ba ana iya rasa ƙwayar. Akwai tsakuwar da ta toshe ƙoda kuma zazzaɓi ya biyo baya, domin ruɓa ce ta taru a bayan toshiyar tana shirin shiga jini. Akwai ɗaukewar fitsari gaba ɗaya, mara ta kumbura mutum yana murƙususu. Akwai ruɓewar fatar maraina da ke yaɗuwa cikin awoyi, wadda ta fi kama masu suga. Akwai kuma miƙewar gaba mai zafi da ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, abin da iyalan masu sikila ya kamata su sani, don kunya takan sa yaro ya ɓoye har gari ya waye.

Waɗanda ke iya jira sun haɗa da kankare furostet ga wanda fitsarinsa ke fita ko yake da roba, ruwan maraina, jijiyoyin maraina da suka kumbura, ƙaramar tsakuwa da ba ta toshe komai ba, da dajin furostet mai tafiyar hawainiya wanda dama sa ido ake yi masa. Dajin mafitsara da ya shiga tsoka, dajin maraina da babban ƙari a ƙoda suna sahun da ba a ja musu lokaci.

7. Ina ganin jini a fitsarina amma ba zafi. In bari sai annoba ta lafa?

Kada ka bari. Jinin da ba ya tare da zafi shi ne ma ya fi damun likita, musamman ga wanda ya haura shekara 40 ko mai shan taba. A wurarenmu akwai ƙarin dalili. Tsargiya ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da gonakin rani, har wasu suna ɗaukar fitsarin jini a yaro tamkar alamar girma. Ƙwayayen tsutsar da suka shekara a bangon mafitsara suna iya jawo daji bayan shekaru masu yawa. Dajin mafitsara in ya shiga tsoka, jinkirin da ya wuce wata 3 kafin a cire yana rage damar tsira. Leƙa mafitsara da kyamara kuwa aikin mintoci ne, yawanci ba a ma kwantar da mutum.

8. An yi mini gwaji kafin aiki, an ce ba ni da ita. Shi ke nan?

Gwajin ya faɗi halin da kake ciki ne a sa'ar da aka sa maka tsinken auduga a hanci. Wanda ya kwashi cutar jiya, gwajin yau ba zai gan ta ba. Shi ya sa a lokacin annobar ake yin gwajin PCR, wato na ɗakin gwaje-gwaje mai gano ƙwayar cutar, cikin kwana 2 zuwa 3 kafin aiki, a kuma ce ka tsare kanka tsakanin gwaji da ranar tiyata. A farkon annobar wasu asibitocin Turai har mako 2 suke sa mutum ya killace kansa. In aka gwada ka ranar Litinin, ka tafi ɗaurin aure ranar Laraba, ka zo aiki Alhamis, takardar hannunka ba ta da sauran amfani.

In ka wayi gari da tari, zazzaɓi ko ɗaukewar jin ƙamshi, ka faɗa. Mutane sukan ɓoye don sun daɗe suna jiran layi, sun sayar da dabba sun biya kuɗin aiki, sun yi doguwar tafiya daga ƙauye. Dalilin a fili yake, amma duba amsa ta 5 ka auna.

9. Na yi korona na warke. Yaushe za a iya yi mini aikin?

A 2021 haɗakar da aka ambata a amsa ta 5 ta sake nazarin marasa lafiya sama da 140,000 a ƙasashe 116. Ta gano haɗarin mutuwa bayan tiyata yana nan sama har mako 6 da kamuwa, sai daga mako na 7 yake komawa daidai da na wanda bai taɓa kamuwa ba, in dai alamun sun gushe. Daga nan dokar "mako bakwai" ta samo asali. Bayan riga-kafi ya yaɗu kuma Omicron ya zo da sauƙi, ƙungiyoyin likitocin sa barci na Birtaniya da Amurka sun sassauta a 2023: kada a yi aikin da ba na gaggawa ba cikin mako 2, tsakanin mako 2 da 7 kuma a auna shekarun mutum, girman aikin da ko har yanzu yana haki. Mai daji ko toshewar ƙoda ba lallai a jira da shi haka ba.

10. Allurar baya ta fi ta barci aminci? Aikin kyamara fa?

Masu tiyatar fitsari sun yi sa'a a nan, domin ayyuka da yawa daga cibiya zuwa ƙasa suke. Kankare furostet, cire ƙari daga mafitsara, gyaran maraina, duk ana iya yinsu da allurar baya wadda ke kashe rabin jiki mutum yana farke. Ba a zura bututu a maƙogwaro, huhu ba ya wahala, ma'aikata ma sun huta da tururin numfashin da zura bututun ke tayarwa. Amma akwai ayyukan da dole sai an sa barci, kamar cire ƙoda, akwai kuma wanda allurar baya ba ta dace da shi ba saboda yana shan maganin tsinka jini.

A farkon 2020 an ji tsoron iskar da ake hura ciki lokacin aikin kyamara, wanda ake yi ta ƙananan huda, za ta iya fito da ƙwayar cutar, har wasu suka koma yanka babba. Ba a samu hujjar cewa ana kamuwa ta nan ba, kuma ƙaramar huda tana rage kwanakin gado, wanda shi ne abin da ake nema.

11. An hana 'yan dubiya shiga, an ce mai jinya ɗaya kawai. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Yana da ciwo, ba wanda zai musa. Dubiya hakki ne a wurinmu kuma ibada ce, wanda bai zo ba sai an yi masa ƙorafi har bayan shekara. Amma ka tuna yadda ƙarfe huɗu na yamma take a ɗakin maza. An kankare wa Baba furostet jiya, ruwan wanke mafitsara yana ɗiga, jakar ƙasan gado ja-ja-ja. 'Ya'ya da surukai da abokan masallaci sun zagaye shi, mutum takwas a wurin mutum biyu, kuloli a jere, kowa sai ya kama hannunsa ya sunkuya daf da fuskarsa ya ce "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne." Gado na gaba ma haka. Cikin awa ɗaya numfashin unguwanni goma ya gauraya a ɗakin da tagoginsa ke rufe.

A yawancin asibitocinmu ba a iya hana mai jinya, don shi ke sayo magani, ya zubar da fitsari, ya juya mara lafiya. To a zaɓi mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya, ba tsohuwar matarsa mai suga ba ko da ta nace, kuma kada a riƙa karɓa-karɓa kullum sabuwar fuska. Ya sa takunkumi ya rufe hanci, ba a haɓa ba. In zai ci abinci ya fita waje. Sauran dangi a gaisa ta waya, addu'a ba ta buƙatar katin shiga. In an sallamo shi ma a ɗaga zaman dubiyar gida na mako biyu, ko a yi shi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

12. Me zan tambayi asibitin kafin in amince da ranar aiki?

Ka tambaya ko masu aikin da aka tsara suna da ɗakinsu daban da waɗanda aka kawo ta sashen gaggawa, ko ana gwada kowa kafin a ba shi gado, da kuma kwana nawa za ka yi. Tambaya ta farko tana da nauyi. Wani nazarin COVIDSurg kan masu tiyatar daji sama da 9,000 a ƙasashe 55 ya nuna inda aka raba hanya gaba ɗaya, ɗakin tiyata da na kwanciya ba sa haɗuwa da masu korona, matsalar huhu ta kasance kashi 2.2 cikin 100, inda ba a raba ba kuwa 4.9. Kamuwa da cutar bayan aiki ma ta ragu, 2.1 a kan 3.6.

In likita ya ce ka tafi gida da robar fitsari ka dawo a cire bayan kwanaki, kada ka ɗauka korarka ake yi. Ka nemi a koya wa mai jinyarka kula da ita kafin ku fita.

13. Zazzaɓi ya rufe ni bayan na koma gida. Korona ce?

Tana iya zama, amma a tiyatar fitsari ba ita ake fara zargi ba. Zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, fitsari mai wari ko duhu, sun fi nuna ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, kuma wannan yana iya shiga jini cikin sa'o'i. Ga maleriya, ga ruɓar ɗinki. Tari, ciwon maƙogwaro da haki sun fi karkata ga huhu, ko da yake haki farat ɗaya da ciwon ƙirji yana iya zama gudan jini ne ya tafi huhu. Kuskuren da aka yi ta yi a 2020 shi ne zama a gida ana shan tazargade da citta don tsoron kada a kai mutum wurin killacewa. Wanda aka yi wa aiki cikin wata guda ya yi zazzaɓi, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya fara sambatu, a mayar da shi ranar.

14. An ɗage aikina, ga roba a jikina. Har yaushe za ta zauna?

Robar fitsari ta yau da kullum ba ta wuce mako 4, ta silikon tana kaiwa mako 12. Canjinta ba sai babban asibiti ba, ƙwararren ma'aikacin jinya a asibitin kusa zai iya, sai dai in likita ya ce hanyarka tana da matsewa.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce siririyar robar ciki da ake sawa daga ƙoda zuwa mafitsara bayan aikin tsakuwa. Ba a ganinta, in ciwo ya lafa sai a manta. Yawancinsu wata 3 zuwa 6 ne wa'adinsu. In ta wuce, tsakuwa takan kama jikinta har cirewar da ake yi cikin minti goma ta koma babban aiki, wani lokaci a rasa ƙodar. COVIDSurg ta ƙiyasta ayyukan tiyata sama da miliyan 28 aka soke ko aka ɗage a duniya cikin makonni 12 na tsananin annobar, kuma cikin irin wannan ruɗani takardu kan ɓace. Ka rubuta ranar da aka sa maka ita a bayan katinka, ka bi sawu da kanka.

Masu dashen ƙoda kuma, kada tsoron korona ya sa ku rage maganin danne garkuwa da kanku. Ku yi riga-kafi da ƙarin allurar da aka ce, ku sani kuma kariyarsa a jikinku ba ta kai ta sauran mutane ba, don haka takunkumi a asibiti bai zama tsohon yayi a gare ku ba.

15. Ban da korona, akwai wata ƙwayar bairas da mai tiyatar fitsari zai kula da ita a nan yankin?

Akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, kuma yakan tashi kowace shekara da rani. Ɓera ne tushensa, amma a asibiti ta jini da ruwan jiki yake yaɗuwa, kuma ya sha kashe likitoci da ma'aikatan jinya a Najeriya. Saɓanin korona, ƙwayarsa tana fita ta fitsari har makonni bayan an warke, a maniyyi kuma takan kai wata 3. Wanda ya yi Lassa kwanan nan ya faɗa wa likita kafin a taɓa shi, mai zubar da jakar fitsarin kowane mara lafiya kuma ya sa safar hannu.

Sai ciwon hanta nau'in B da C, da ke bin jinin da ba a tantance ba da kayan aikin da ba a dafa ba. Kafin a yi maka ƙarin jini kana da ikon tambaya ko an gwada ledar. Nau'in B yana da riga-kafi, allura uku cikin wata shida, kuma masu wankin ƙoda su ne suka fi kowa buƙatarta.